Yadda ake neman sauya rukunin filin noma don sana'ar bishiya da katako

Mai sana'ar datse rassa da kayar da bishiyar da ta mutu ba ya daɗewa sai ya nemi fili. Kowane aiki yana dawo masa da gungume da rassa, ga motoci da injuna suna neman wurin kwana. Sai ya hango gona mai araha a bayan gari ya ce ya dace. To amma a ƙasashen da ake raba fili rukuni-rukuni, gonar da aka rubuta ta noma ba a kafa injin tsaga katako a cikinta sai da izini. Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da halascin irin wannan tsari tun 1926, Ingila kuma ta kafa tata dokar a 1947.

Da farko, kada ka biya kuɗin fili. Je ofishin tsara ƙasa na ƙaramar hukumar yankin, a nuna maka taswirar rukunai da kundin abin da ake son wurin ya zama nan gaba. In kundin ya ce noma zalla, ka nemi wani filin. In ko akwai ƙofa, lauyanka ya rubuta a yarjejeniyar ciniki cewa ciniki ba ya faɗawa sai izini ya fito.

Na biyu, ka fayyace wa jami'in aikinka tsaf, don a idonsa sana'a biyu gare ka. Ajiye motoci da dare, a fita da safe a yi aiki a gidajen mutane, wannan abu ne mai sauƙi. Tsaga gungume da niƙa rassa da busar da katako da sayarwa kuwa masana'anta ce. Wurare da dama suna ba da izini na musamman mai sharuɗɗa ba tare da an taɓa rukunin filin ba, kuma in zai ishe ka, shi za ka nema. Sauya rukuni gaba ɗaya yana tsorata jama'a, domin yana bin filin ne ba mai filin ba: gobe in ka sayar, wani na iya kafa duk abin da sabon rukunin ya halatta. Hukuma ma ba ta son ware fili ɗaya tal a tsakiyar gonaki ta mai da shi na masana'antu, tunda irin wannan hukuncin kotu kan rushe shi.

Na uku shi ne zanen wurin, kuma nan ne aikin yake. Safiyo ya fitar da iyakoki da mashiga da inda kowane inji zai zauna. Injin zarto na hannu kan kai desibel 110 a ma'aunin ƙarfin ƙara, alhali wanda ya wuni cikin ƙarar da ta kai 85 kunnensa na cikin haɗari. A buɗaɗɗen fili, duk lokacin da nisa ya ninka ƙara kan ragu da kusan desibel 6, saboda haka ka kai injuna can nesa da gidaje, ka tare su da gini ko tudun ƙasa. Layin bishiyoyi yana rufe gani, amma ba ya wani tare ƙara, kada ka dogara da shi. Tarin dusar katako mai danshi yana ɗumama daga ciki har ya kama wuta da kansa, don haka zanen ya nuna tarin ƙanana, da tazara tsakaninsu, da hanyar motar kashe gobara. Ruwan sama da ya ratsa tarin yana fitowa baƙi, ka nuna inda za ka tare shi kafin ya kai rafi. Ka faɗi mota nawa za ta shiga a rana da nauyinta. Ka kuma faɗi daga ina itacen zai zo, don ƙwari kan bi itace: wani ƙwaro da aka gano a Amurka a 2002 ya hallaka miliyoyin bishiyoyi, kuma jigilar itacen wuta ta taimaka masa yaɗuwa.

Na huɗu, ka riga takardar sanarwa isa wurin maƙwabta. Wanda ya fara jin labarinka a wasiƙar hukuma da fushi zai zo taro. Je da zanenka, ka ji damuwarsu, ka yi alkawarin lokutan aiki da za ka iya riƙewa.

Daga nan sai cike takarda da biyan kuɗin nema. Za a yi sanarwa, a zauna sauraron ra'ayin jama'a, kwamitin tsara ƙasa ya ba da shawara, zaɓaɓɓun wakilai su yanke hukunci. Watanni abin yake ɗauka. In ka ga iska ba ta kaɗa wajenka ba, ka roƙi a ɗage zaman ka gyara zanen, domin a wurare da dama wanda aka ƙi sai ya jira shekara guda kafin ya sake nema. In kuma an amince, kada ka kunna inji tukuna: akwai sauran izinin gini da na mashiga daga titi, kuma kowane sharaɗin da aka rubuta, jami'i na iya zuwa ya duba.