Yadda likitan tiyatar ƙwaƙwalwa zai gina bincike mai tasiri a tiyatar haske

Tiyatar haske aiki ne na tara haske mai ƙarfi (radiyeshan) daga kusurwoyi masu yawa, a haɗa shi a kan ɗigo guda cikin ƙwaƙwalwa, ba tare da an fasa ƙoƙon kai ba. Lars Leksell, likitan tiyata ɗan ƙasar Suwidin, shi ya fito da dabarar a 1951, sannan na'urar Gamma Knife ta farko ta fara aiki a Stockholm a 1968. Wanda zai shiga bincike a wannan fanni sai ya fara sanin cewa sakamako ba ya fitowa ranar da aka yi aiki. Mai wuƙa yana ganin ƙarin da ya cire a cikin tasa. Mai haske sai ya jira. Curin jijiyoyin jini da suka sarƙe yakan ɗauki shekara 2 zuwa 3 kafin ya toshe, illar haske kuwa takan ɓulla bayan watanni. Don haka jarin mai bincike a nan shi ne bibiyar majinyata.

Ka fara da haɗa abokan aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Leksell kansa da masanin fiziks Börje Larsson ya yi aiki. A Jami'ar Pittsburgh ta Amurka, inda Dade Lunsford ya kafa Gamma Knife a 1987, tasirin cibiyar ya fito ne daga haɗuwarsa da John Flickinger, likitan gasa cutar kansa da haske, da Douglas Kondziolka. Kai ma kana bukatar likitan gasa kansa da haske, da masanin fiziks na asibiti, da likitan karanta hoto, da masanin ƙididdiga. Wannan na ƙarshen ka kira shi tun kafin a rubuta majinyaci na farko. Wanda ya kira shi bayan an gama tattara bayanai, ihu ne bayan hari.

Mataki na biyu, kuma mafi nauyi, shi ne rajista. Ka nemi amincewar kwamitin ɗa'ar bincike da izinin majinyata, sannan ka buɗe ta ranar da aka yi wa mutum na farko aiki. Duk wanda ya hau na'urar a rubuta shi, wanda ya warke da wanda bai warke ba. Ga kowane ƙari ka rubuta girmansa da santimita kubik, kada ka tsaya kan faɗinsa kawai, domin faɗi ya ɗan ƙaru kaɗan ne girma ya ninka: ƙari mai faɗin santimita 2 kusan kubik 4 ne, mai santimita 3 ya kai kubik 14. Ka rubuta adadin hasken da ya isa gefen ƙarin da Gy, wato ma'aunin yawan hasken da nama ya sha, da layin da aka ɗora shi a kai (a Gamma Knife yawanci layin da haske ya kai kashi 50 cikin 100 na mafi girman adadi ne), da mafi girman adadi a tsakiya, da girman ƙwaƙwalwar da ta sha Gy 12, wanda ake kira V12. Flickinger da abokansa sun nuna cewa V12 na hasashen illa bayan aikin curin jijiyoyi, amma ba za ka iya lissafa shi bayan shekara goma ba idan fayil ɗin tsarin aikin ya ɓata. Ka adana fayilolin a wuri biyu. Ka rubuta ma'aunin dacewa na Paddick, wanda ke nuna yadda hasken ya dace da siffar ƙarin, da abin da ya isa sassa masu haɗari: jijiyar gani, wadda ake tsayar wa kusan Gy 8 zuwa 10 a zama guda, da katantanwar kunne, wadda ake ƙoƙarin kada matsakaicin abin da ta sha ya wuce kimanin Gy 4.

Akwai abu ɗaya da ake yawan mantawa. Ƙarfin kobal-60, sinadarin da ke fitar da hasken Gamma Knife, yana raguwa da rabi duk shekara 5.27. Na'urar Gamma Knife samfurin Perfexion mai tushen haske 192, idan ƙarfin kobal ɗinta ya ragu da rabi, aikin da take gamawa cikin minti 40 sai ya koma minti 80. Ka rubuta saurin fitar haske da tsawon lokacin kowane aiki, domin wata rana za a tambaye ka ko wannan ya shafi sakamako.

Wajen auna sakamako kada ka ƙirƙiro ma'auninka. "Ya samu sauƙi" ba bayani ba ne. Ga motsin fuska akwai House-Brackmann, mataki 1 zuwa 6. Ga ji akwai Gardner-Robertson, tare da gwajin ji kafin aiki da bayansa. Ga ciwon jijiyar fuska ta biyar akwai ma'aunin BNI, ga kansar da ta yaɗu zuwa ƙwaƙwalwa akwai RANO-BM. Da waɗannan ne wata cibiya za ta iya jera alƙalumanta kusa da naka.

Sai zaɓen tambaya. Misalin da ya fi dacewa mai koyo ya nazarta shi ne na ƙarin jijiyar ji. A shekarun farko ana ba gefen ƙarin adadi mai yawa, har Gy 18 zuwa 20. A 1998 Kondziolka da abokansa suka buga sakamakon majinyata 162 a mujallar New England Journal of Medicine: matsakaicin adadi Gy 16, an shawo kan ƙari ba tare da bukatar cire shi da tiyata ba a kashi 98 cikin 100. Amma ba su ɓoye ɗaya gefen ba, cewa kusan mutum ɗaya cikin biyar bai tsira da cikakken motsin fuska ba. Ka ƙaddara mutum ne da bakinsa ya karkace, ruwa na zuba ta gefe idan ya kurɓa, idonsa ɗaya ba ya rufuwa cikin barci. Irin wannan ne ya sa aka riƙa rage adadin a hankali, ana kuma inganta tsari da hoton MRI. A 2004 Flickinger ya kawo majinyata 313 da aka ba Gy 12 zuwa 13: ƙari bai fi ƙarfin magani ba, illar jijiyar fuska kuma ta kusa gushewa. Yau wannan adadi ne ake amfani da shi a cibiyoyin duniya. Tambayar ƙarama ce, "nawa ne ya isa?", amma amsarta ta canza abin da ake yi wa dubban mutane. A ganinmu irin wannan takarda ɗaya ta fi guda hamsin da ke maimaita abin da kowa ya sani.

Ga wuraren da bincike ke lalacewa. Na farko, majinyatan da suka daina zuwa. Wanda ya ɓace daga asibiti ba lallai ya warke ba, wataƙila ya je wani wuri an yi masa tiyata, ko ya rasu. Ka karɓi lambar waya biyu, tasa da ta ɗan'uwa, ka ɗora wa ma'aikaci guda alhakin kira, kuma ka faɗi adadin waɗanda suka ɓace a cikin takardarka. Na biyu, kumburin wucin gadi. Ƙarin jijiyar ji yakan ɗan kumbura a watanni 6 zuwa 18 na farko, daga baya ya motse. Idan ka ƙirga wannan a matsayin gazawa, ka ɓata alƙaluma, kuma kana iya tura mutum tiyatar da ba ya bukata. Haka ruɓewar nama sakamakon haske tana kama da dawowar kansa a hoto, shi ya sa ake son likitan hoto biyu su karanta, kowa shi kaɗai. Na uku, lissafi. Masu kansar da ta yaɗu da yawa sukan rasu saboda ciwon da ke huhu ko hanta kafin ƙarin ƙwaƙwalwa ya samu damar dawowa. Lissafin Kaplan-Meier, wanda aka saba auna tsawon lokaci kafin abu ya faru da shi, shi kaɗai yana karkata alƙaluman a irin wannan hali, sai a haɗa da lissafin haɗurra masu gasa irin na Fine da Gray, wanda ke la'akari da waɗanda suka rasu kafin ƙarin ya dawo. Kuma ka bambanta ƙirgar ƙari da ƙirgar mutane: ƙari goma a kan mutum ɗaya ba majinyata goma ba ne.

Idan rajistarka ta yi shekara uku zuwa biyar, ka nemi haɗin gwiwa. Cibiya ɗaya ba ta tara isassun masu cutar da ba ta da yawa. Binciken JLGK0901 da Masaaki Yamamoto ya jagoranta a Japan ya haɗa cibiyoyi 23 da majinyata 1,194, ya fito a Lancet Oncology a 2014, ya nuna cewa tsawon rayuwar masu ƙari 5 zuwa 10 bai gaza na masu 2 zuwa 4 ba bayan tiyatar haske ita kaɗai. Ku rubuta yarjejeniyar jerin sunayen marubuta tun farko, domin nan ne zumunci ke ɓaci.

Game da auna tasiri, kwamitocin ƙarin girma suna duba ma'aunin h, wanda Jorge Hirsch ya fito da shi a 2005. Idan h ɗinka 20 ne, kana da takardu 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Ka buɗe lambar ORCID, wato lambar shaida ta mai bincike, ka riƙa rubuta sunanka iri ɗaya a ko'ina don kada ambaton ya rarrabu, kuma ka guji mujallun da ke alƙawarin bugawa cikin mako guda idan ka biya kuɗi. Kada ka yanka rukunin majinyata ɗaya gida biyar don yawan takardu. Masu tattara bincike za su ƙirga mutum ɗaya sau biyar, su fitar da sakamakon ƙarya. Idan ka sake kawo rahoto kan rukunin da ka taɓa bugawa, ka faɗi haka a sashen hanyoyin bincike, ka nuna shekarun da suka haɗu da na takardar baya, ka kuma ƙara abin da lokaci ya bayyana, musamman ji da girman ƙari a shekara ta 5 da ta 10.