Kafin ka ƙona kuɗin jirgi don buɗe asusu a ƙasar da ba ka zaune

Karon farko da na nemi buɗe asusu a wata ƙasar Turai, ko minti goma ban yi a kujera ba aka sallame ni. Na je da fasfo, da biza mai rai, da kuɗi a aljihu, ina ganin ai magana ta ƙare. Matar da ke kan tebur ta jera takardar kuɗin wutar gidana kusa da fasfo, ta ɗora yatsa kan sunana: nan Muhammad, can Mohammed. Sannan ta tambaye ni me ya haɗa ni da ƙasarsu. Na ce ina so ne in riƙa ajiya da yuro. Ta yi murmushi, ta turo mini takarduna.

Na daɗe ina jin haushinta kafin na gane cewa ni ne ban shirya ba. Banki ba ya tsoron ka zo da kuɗi kaɗan. Abin da yake tsoro shi ne kuɗin da bai san asalinsu ba. Tun da aka kafa hukumar FATF a 1989 don yaƙi da halasta kuɗin haram, dokoki sai ƙara tsauri suke yi, kuma tarar da ake ɗora wa bankin da ya yi sakaci ba ta wasa ba ce. Baƙon da ba ya zaune a ƙasa, bincikensa ya fi ribarsa yawa. In kuma ƙasarka tana cikin jerin waɗanda FATF ta sa wa ido, binciken ya ninku.

Saboda haka fara da dalili, kuma dalilin da ke da takarda. Kwantiragin aiki da kamfanin can, takardar shiga makaranta, gidan da ka saya ko kake shirin saye, kamfanin da ka yi wa rajista a ƙasar. Ni aikin fassara nake yi wa wasu kamfanoni biyu a can, kuma kwantiragin yana cikin kwamfutata a ranar da aka sallame ni. Ban ma yi tunanin buga shi ba.

Sai ka rubuta wa bankin tun kana gida. Tambaya uku ta isa: kuna buɗe wa wanda ba mazaunin ƙasa ba? Sai na zo da kaina? Waɗanne takardu, kuma da wane harshe? Ka nemi amsa a rubuce, domin reshe biyu na banki ɗaya kan iya ba ka amsa biyu. Kada wani ya ruɗe ka da cewa dokar Tarayyar Turai ta 2014 ta ba kowa haƙƙin asusu: waɗanda ke zaune a Tarayyar bisa doka ta ba wa. Haka katin shaidar zama ta intanet (e-Residency) da ƙasar Istoniya ke bayarwa tun 2014, yana ba ka damar kafa kamfani daga nesa, amma bai tilasta wa banki ya karɓe ka ba.

A takardu ne ake yawan faɗuwa. Shaidar adireshi, ko ta kuɗin wuta ko ta ruwa, galibi ba a son ta wuce wata uku, kuma da sunanka, ba na mai gida ba. Ka haɗa da takardar shige da ficen kuɗi daga bankinka na wata uku zuwa shida, da wasiƙar bankin mai shaida cewa kai abokin hulɗarsu ne, da abin da ke nuna inda kuɗin suka fito: takardar albashi, rasit ɗin ciniki, takardar gado. Ka zauna ka karanta sunanka harafi bayan harafi a kowace. In an ce a tantance kwafi, akwai hatimin apostil na yarjejeniyar Heg ta 1961, wanda hukumar ƙasarka ke bugawa don wata ƙasa ta amince da takardar. In ƙasarka ba ta cikin yarjejeniyar, sai ka bi ta ma'aikatar harkokin waje da ofishin jakadancin ƙasar da za ka, kuma wannan kan ci makonni.

Za a tambaye ka lambar harajinka da ƙasar da kake biyan haraji. Faɗi gaskiya. Ƙasashe fiye da 100 suna musayar bayanan asusu a ƙarƙashin tsarin CRS, don haka mai neman maɓoya ya makara. A Amurka fom ɗin W-8BEN za a miƙo maka, wanda ke shaida cewa kai baƙo ne, ba ɗan Amurka ko mazauninta ba, a wajen haraji. Ka kuma duba ko dokar ƙasarka ta ce sai ka bayyana asusun waje.

Bankunan tsibiran Jasi da Man, da ke kusa da Birtaniya, sun saba da baƙi, amma mafi ƙarancin ajiyar da suke nema kan kori mai ƙaramin ƙarfi. Ko'ina ne, ka tambayi cajin wata-wata, da na karɓar kuɗi ta SWIFT, wato tsarin da bankuna ke amfani da shi wajen tura kuɗi tsakanin ƙasashe, da abin da suke ci a canji.

In karɓar kuɗin aiki kawai kake so, kamfanoni irin su Wise da Payoneer na iya wadatar da kai, muddin suna aiki da ƙasarka. Sai dai ba bankuna ba ne. Ajiyar banki a Tarayyar Turai tana da inshora har yuro 100,000, a Amurka dala 250,000 ta hannun hukumar inshorar ajiya ta FDIC; kuɗin da ke wurin waɗancan kamfanoni ba lallai ne wannan inuwa ta rufe su ba. Ni a wurin waɗannan kamfanoni nake karɓa, ba a wurinsu nake tarawa ba.

Masu cewa ka biya su su buɗe maka da adireshin aro, ka bar su inda ka gan su. Ranar da banki ya gano, asusun zai daskare da kuɗinka a ciki.

Karo na biyu na koma da kwantiragi a buga da suna iri ɗaya a ko'ina. An tambaye ni nawa zai riƙa shigowa a wata kuma daga wa, na faɗa, aka rubuta. Kuɗin farko na turo su daga asusuna mai sunana, kuma duk watan da abin da zai shigo ya zarce wanda na faɗa, nakan aika musu takardar cinikin kafin kuɗin su iso.