Kurakuran da aka fi yi wajen gyara mahaɗai a shafin intanet da aka rubuta da Word

Na gaji da buɗe shafukan da masu koyo ke kawo mini in duba, in riƙa tarar da ɓarna iri ɗaya a wuri ɗaya. Rubutu ya yi kyau, hotuna sun zauna daidai, amma da an zo kan mahaɗai, wato kalmomin da ake dannawa su kai mutum wani shafi ko fayil, sai abu ya watse: wannan ja, wancan shuɗi, na uku kuma ba ka ma gane ana danna shi. Wanda ke rubuta shafinsa a Word ya adana shi a matsayin shafin intanet ba laifi ya yi ba, ni ma da haka na fara. Sai dai akwai ramukan da kusan kowa ke faɗawa, biyu daga ciki kuwa na faɗa su da kaina, na kuma ji jiki.

Na farko shi ne shafa wa mahaɗi launi da hannu. Mutum ya zaɓi kalmar, ya je wurin launin rubutu, ya mayar da ita kore, ya wuce ta gaba. A ido babu aibu, a ƙarƙashi ne ɓarnar take. Word yana da salo biyu da ya ware wa mahaɗai: Hyperlink na wanda ba a taɓa dannawa ba, da FollowedHyperlink na wanda aka riga aka ziyarta. Lokacin adanawa, daga waɗannan biyun yake rubuta dokokin a:link da a:visited, masu faɗa wa burauza launin kowane irin mahaɗi, a saman fayil ɗin. Idan ka shafa launi da hannu kuwa, sai ya naɗe kalmar a cikin wata alama ta daban mai ɗauke da launinta, burauza kuma tana fifita abin da ke jikin kalma a kan dokar da ke can sama. Ko sau goma mai karatu ya danna, launin ba zai sauya ba.

Wata ƙungiya ta taɓa ba ni aikin shafin da ke jera takardunta, mahaɗai sun haura ɗari. Tambarinsu kore ne, sai na kwashe dare biyu ina bin su ɗaya bayan ɗaya ina shafa kore. Mako bai cika ba aka fara koke: mutane sun kasa bambance takardar da suka buɗe da wadda ba su buɗe ba, suna ta sauke abu guda sau biyu, sau uku. Ana cikin haka aka ce koren ya yi haske, a ƙara masa duhu. Abin da minti ɗaya zai isa a gyara ya sake cinye mini kwana biyu, na saɓa ranar da na yi alkawari, kuma ba su ƙara nemana ba. Har yau in na tuna raina yana ɓaci, domin maganin yana gabana tun farko.

Ga yadda nake yi yanzu, kafin ma in saka mahaɗi ko guda. Ina danna Ctrl+Alt+Shift+S don jerin salo ya buɗe, in shiga Manage Styles da ke ƙasa, in nemo Hyperlink in gyara launinsa, sannan in nemo FollowedHyperlink, wanda yawanci a ɓoye yake, shi ya sa mutane ke mantawa da shi. Wanda ya riga ya shafa da hannu ya zaɓi kalmar, ya danna Ctrl da sandar tazara don wanke ta, ya sake ɗora mata salon Hyperlink. Masu LibreOffice Writer, naku sunansu Internet Link da Visited Internet Link.

Yanzu ga masu cire layin da ke ƙarƙashin mahaɗi wai don shafi ya yi tsabta. Don Allah, wa kuke yi wa shafin, kanku ko mai karatu? Ku kun san inda kuka saka mahaɗanku, shi bai sani ba. Tun shekarun 1990 idon mutane ya saba da shuɗi mai layi a ƙasa, da shunayya ga wanda aka ziyarta, har yau kuma in ba a faɗa wa burauza komai ba waɗannan take nunawa. Ku cire layin, ku zaɓi toka-toka mai kama da sauran rubutu, sannan ku yi mamakin rashin masu dannawa! Akwai kuma mutanen da idonsu ba ya bambance ja da kore, su layin ne kaɗai ke nuna musu hanya. Ƙa'idar WCAG, wadda ke tsara yadda shafi zai karantu ga kowa har da masu naƙasa, ta ce bambancin haske tsakanin rubutu da bangonsa ya kai 4.5 da 1, in kuma launi kaɗai ne ke nuna mahaɗi, ya bambanta da rubutun da ke kewaye da shi da aƙalla 3 da 1. Ni dai ba na ma shiga wannan lissafi na biyun: a cikin sakin layi ba na cire layin ƙasa ko kaɗan, sai a jerin maɓallan saman shafi, inda kowa ya san abin dannawa ne. Wasu ƙwararru suna ganin na cika tsauri. Na ji, amma ban sauya ba.

Rami na biyu da ya ci ni ya shafi sauyin launi idan an ɗora linzami a kan mahaɗi. Word ba shi da salon wannan, dole ka buɗe fayil ɗin a Notepad ka rubuta a:hover da hannunka. Na yi hakan, ya yi aiki, na ji daɗi. Bayan kwanaki na koma takardar Word na gyara harafi ɗaya, na sake adanawa da suna ɗaya, sabon fayil ya hau kan tsohon, aikin yini guda ya tafi ba tare da ko gargaɗi da na lura da shi ba. Tun daga ranar na ɗauki takardar Word a matsayin uwa, a nan kaɗai nake taɓa rubutu. Dokokin da nake ƙarawa suna zaune a fayil ɗin CSS na daban, wato fayil mai ɗauke da dokokin kamannin shafi, bayan kowane adanawa layi ɗaya kawai nake mannawa don ya kira shi. Jerin dokokin ma yana da muhimmanci: link, visited, hover, active. Wanda ya sa hover kafin visited zai ga ba ya aiki a kan mahaɗan da aka riga aka buɗe. Kuma ku zaɓi Web Page, Filtered wajen adanawa, domin yana zubar da tarin alamomin da Word kaɗai ke amfani da su, fayil ɗin ya karantu.

Saura ƙanana. Kada ku ja layi a ƙarƙashin kalmar da ba mahaɗi ba, ku kaurara ta in kuna son ta fito. Ku daina rubuta "danna nan", ku faɗi inda mahaɗin zai kai mutum, domin makaho da manhaja ke karanta wa shafi zai ji "danna nan" sau ashirin bai san wanne ne wanne ba. Sunan fayil kada ya ɗauki tazara ko harafi mai lanƙwasa. A Web Options ku zaɓi UTF-8 don ƙ da ɗ da ɓ su fito lafiya.

Kafin ku ɗora shafin, ku danna Alt+F9 ku ga adireshin da ke bayan kowane mahaɗi. Duk wanda ya fara da C: yana nuni ne zuwa cikin kwamfutarku, zai buɗe muku sumul, ga kowa kuma ya mutu. Ku tara fayilolin a folda ɗaya da shafin, ku sake haɗa su da Ctrl+K, sannan ku gwada a wata na'urar da ba taku ba, ku danna kowane mahaɗi ku dawo ku ga ko launinsa ya sauya.