Cire iska daga kulocin motar tsere

Mai ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ɗan kumfa ɗaya a cikin tiyo ya isa ya shanye tafiyar feda, sai ka taka kuloci har ƙasa amma faifan bai saki sarai ba, giya ta ɗaya da ribas su riƙa gurnani kafin su shiga. Babbar alamar ita ce idan ka tattaka sau uku ko huɗu feda ta yi ƙarfi, ka bar ta minti ɗaya ta koma laushi.

A yawancin motocin tsere babu ƙaramar silindar nan da ake gani a gefen giyabos. Boris ɗin da ke tura sifirin kuloci shi ke ɗauke da nasa fistin, yana can cikin ƙoƙon da ya haɗa inji da giyabos. Tiyo biyu ke fitowa daga gare shi: ɗaya yana kawo mai daga masta, wato silindar da feda ke turawa, ɗayan na fitar da iska. Na fitar da iskar dole ya kasance a ramin sama. In wanda ya haɗa ya juya su, ko galan guda ka ƙarar iskar tana nan, domin kumfa sama yake hawa.

Man birki ake zubawa, DOT 4 ko DOT 5.1, daga sabuwar gora. Sabon DOT 4 ba ya tafasa ƙasa da digiri 230 a ma'aunin Celsius, DOT 5.1 kuma 260, amma dukansu suna tsotsar danshi, kuma gorar da ta daɗe a buɗe ta riga ta sha ruwa. Kada sunan ya ruɗe ka: DOT 5 na silikon ne, ba ya gauraya da su. Man inji ko na sitiyari kuwa kumbura robobi yake yi. Rabin lita ya wadatar. Sai sifana mai zobe daidai notin fitar da iska, da siririn tiyo da ake ganin cikinsa, da kwalba, da ruwa a kusa saboda man birki yana cin fenti.

Kafin a taɓa komai, a duba matsayar feda, wato abin da ke tare feda kada ta wuce iyaka. Kulocin tsere mai faifai biyu ko uku, irin na inci 5.5 ko 7.25, tafiyarsa gajera ce ƙwarai. Da zarar iska ta fita, taki ɗaya har ƙasa na iya lanƙwasa sifirin fiye da kima ko ya tunkuɗo fistin ɗin boris waje, mai ya malale kan faifai. Daga nan sai sauke giyabos. Don haka, muddin ba a saita matsaya ba, ba a taka feda da ƙarfi noti yana ɗaure.

Aikin na mutum biyu ne. Cika tankin masta, sa tiyo a bakin noti, ɗaya bakin ya nutse cikin ɗan mai a kwalba. Na cikin mota ya ɗora ƙafa a hankali har ya ji ɗan nauyi, na waje ya kwance noti kwatan juyi, feda ta sauka sannu-sannu. A ɗaure noti kafin ƙafa ta ɗaga, in ba haka ba iska za ta koma ta inda ta fito. Sannan a saki feda a hankali, a ƙirga daƙiƙa biyar don masta ta sake cika. Bugun sauri irin na famfon rijiya shi ne kuskuren da aka fi yi: yana farfasa babban kumfa ya zama ƙanana kamar na sabulu, waɗanda sai motar ta huta awa ɗaya ko fiye kafin su haɗu. Bayan kowane taki huɗu ko biyar a leƙa tanki, don in ya ƙafe an koma farko.

Idan mai yana fita garau amma feda tana nan da laushi, iskar ta maƙale a wani tudu. Bi tiyon da ido daga masta zuwa giyabos, duk inda ya yi baka sama da masta can take. Kwance maƙalarsa ka miƙe shi, ka ɗan bubbuga shi da ƙotar sukudireba. Hanyar da ta fi kyau a nan ita ce turawa daga ƙasa: cika babban sirinji na mililita 60 da mai, fitar da iskar cikinsa, haɗa shi da noti, ka tura a hankali yayin da wani ke kallon kumfa yana fashewa a tanki. A rage man tankin tukuna don kada ya yi ambaliya. Wannan ba zai yiwu ba sai fistin ɗin masta ya koma baya gaba ɗaya, saboda haka sandar feda tana bukatar ɗan wasa kamar milimita ɗaya. In an ɗaure ta tam, ramin da mai ke komawa tanki ya toshe.

Yanzu sai matsaya. Ɗaga ƙafafun da ke jan mota a kan tsayayyun jak, inji a kashe, sa giya ta ɗaya. Wani ya riƙa ƙoƙarin juya tayoyin da hannu, kai kana sauke feda kaɗan-kaɗan. Inda suka fara juyawa nan kuloci ya saki. Ƙara kamar milimita 6 a kan fedar, ka ɗaure matsaya a wurin.

Ba kowane laushi ne iska ba. Fedar da ke nutsewa a hankali ƙafa tana kanta, robar masta ce ta gaji. Wadda ke lafiya a gareji amma ta mutu bayan zagaye kaɗan, mai ne ke tafasa. A canza shi, a nesanta tiyo daga salansa ko a naɗe shi da rigar kare zafi. Ɗigon man birki a ƙasan ƙoƙon giyabos kuwa galibi daga robar boris yake, gyaransa sai an sauke giyabos.