Yadda ake ƙarfafa sifirin bayan tsohuwar a-kori-kura da fallayen wata mota

Har yanzu tsofaffin a-kori-kura ƙirar Peugeot 404 da 504 suna jigilar hatsi da itace zuwa kasuwannin ƙauye, kuma da yawansu bayansu ya zauna saboda sifirinsu, wato jerin fallayen ƙarfen da ke ɗauke da nauyin bayan mota, ya gaji. Tun da samun sabo na asali ya yi wuya, masu su kan nufi Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su nemo na wata mota, musamman Toyota Hilux. Dabarar tana aiki, amma da sharaɗin a bar wa motar babban fallenta na sama, wato mai ido biyu da ake ɗaurewa a jikin shasi, a ari na ƙarƙashinsa kawai.

Dalili shi ne wannan fallen ne yake riƙe aksil, wato ƙarfen da tayoyin baya suke jikinsa, a mazauninsa. A motoci da yawa ramin santa bol, wato bol ɗin da yake haɗe fallayen wuri ɗaya, ba a tsakiya daidai yake ba, ya fi kusa da idon gaba, saboda haka idan aka ɗora cikakken sifirin wata mota, taya na iya matsawa gaba ko baya, farfelar da ke kai juyi zuwa tayoyin baya ta matse ko ta zare, mota ta riƙa tafiya a karkace tana cin taya.

Kafin zuwa kasuwa, a auna faɗin falle da kaurinsa da tsawonsa daga ramin tsakiya zuwa kowane baki, kuma zai fi kyau a tafi da falle ɗaya a hannu. Faɗi dole ya zo daidai, domin mai milimita 70 ba zai shiga tsakanin yu-bol (bol mai siffar U da ke ɗaure fallayen da aksil) ɗin da aka yi wa mai 60 ba. Kauri kuwa shi ne inda mutane suka fi yaudarar kansu, don taurin falle ba ya tafiya daidai da kaurinsa: mai milimita 8 ya fi mai 7 tauri da kusan rabi, wanda aka ninka kaurinsa kuma taurinsa kan ninka sau takwas. A ganina falle ɗaya ko biyu masu kauri kusa da na asali sun wadatar, domin mai kauri sosai yana hana sifirin lanƙwasa, ya mayar da dukan hanya kan shasi har ya tsage. A kankare tsatsa a duba kewayen ramin tsakiya, nan ne tsagewa ta fi ɓuya, sannan a sayi na dama da na hagu daga mota ɗaya.

A wurin aiki, a tokare tayoyin gaba, a ɗora shasi a kan matokara mai ƙarfi, kada a amince wa jak shi kaɗai. Bayan an sauke sifirin, a matse fallayen da kilam, wato mamatsin ƙarfe, kafin a kwance santa bol, saboda a takure suke, suna iya fallewa su karya yatsu. A jera su daga dogo zuwa gajere, kowane ya gaza na samansa da tazara daidai a ɓangarori biyu. Idan akwai buƙatar ragewa, a yanke da injin gurza ƙarfe a hankali, a goge bakin ya yi santsi don kada ya ci na samansa. Wutar gas da walda ba su da gurbi a nan, domin zafi yana kashe taurin ƙarfen, fallen da aka yi wa walda kuma a daidai wurin yake karyewa.

Santa bol da yu-bol a sa sababbi masu tsawon da ya dace da ƙarin kaurin, a sauya bushin da suka mutu, amma kada a ƙarasa ɗaure notocin idanun sai an sauke motar ta tsaya da nauyinta. Tun da bayan zai ɗaga, a tabbatar shokozoba ba ta ƙure ba, robar man birki kuma ba ta miƙe tsam ba. Bayan 'yan kwanaki ana aiki, a sake ɗaure yu-bol, don fallaye kan zauna su saki.

Ƙarin falle ba ya ƙara wa birki ko taya ko aksil ƙarfi, saboda haka lodin da aka ƙayyade wa motar tun daga kamfani yana nan yadda yake.