Yadda za a laƙaba wa ƙungiyar mata sunan zakanya ba tare da kuskure ba

Namiji zaki ne, mace zakanya, jam'i kuma zakoki. Wannan jam'in ya haɗa maza da mata, kuma a nan ne yawancin ƙungiyoyin mata ke tuntuɓe. Faransanci na da jam'in mata zalla, shi ya sa ƴan wasan ƙwallo mata na Kamaru suke Lionnes Indomptables. In, misali, ƙungiyarku a garin Tawa na Nijar take, kuka rubuta "Zakokin Tawa" kawai, mai karatu zai ɗauka ƴan kokawa ne. Mafita biyu ce. Ko ku ce "Zakoki Mata na Tawa", ko ku ɗauki ƙungiyar a matsayin mace guda, "Zakanyar Tawa". Na biyun ya fi daɗin faɗi, kuma ya dace da nahawu tunda kalmar ƙungiya ita ma mace ce: ta taru, ta biya, ta raba.

Kafin a kaɗa ƙuri'a a babban taro, a bayyana wa mambobi dalilin sunan. A garken zakoki, mata ne ke zaune tare har tsufa, galibi uwa da ƴaƴa da ƴan'uwa. Su ke yin mafi yawan farauta, kuma zakanya kan shayar da ɗan ƴar'uwarta. Wannan ya yi daidai da ƙungiyar adashe ko asusu irin na Mata Masu Dubara, tsarin da aka soma a yankin Maradi a 1991. Amma a kula: "Zaki" kalmar gaisuwar sarki ce, don haka kirari irin na fada bai kamata ya hau tuta ba in ba a nemi shawarar mai gari ba.

Sai rubutu. Zakanya da "k" mara ƙugiya ake rubuta ta. Mai buga takarda kan zame ya sa ƙugiya, zaki ya koma zaƙi, ƙungiyar jarumai ta zama ta masu alewa. A baki za ku ji "Zakanyat Tawa", amma a takarda "Zakanyar" za a sa. Ku tsaida rubutu guda, da fassararsa ta Faransanci guda, su shiga dokokin ƙungiya, takardar sakamakon taro, hatimi da katin mamba harafi da harafi. Bambancin harafi ɗaya tsakanin hatimi da takardar izini na iya tsaida buɗe asusu a banki.

Ku tambaya a ma'aikatar magajin gari ko wata ƙungiya ta riga ku sunan, domin zakanya na da farin jini. Ƙara sunan unguwa ko sana'a yana raba gardama. 

Hoton tambari shi ne inda aka fi yin abin kunya. Zakanya ba ta da geza. Masu zane kan ciro hoto daga intanet, kuma kan zaki mai gashi ne ke fara fitowa. Ku nemi samfuri guda a takarda, shugaba da ma'aji su duba kai da wuya, su karanta sunan da ƙarfi, sannan a ba da kuɗin buga riguna.