Yadda za a sarrafa majigin gida daga nesa ba tare da jan sabuwar waya ba

Wanda ya rataye majigi a silin falonsa yakan gano matsalar ne bayan an kammala aiki. An ja wayar wuta, an ja kebul ɗin HDMI, mai POP ya rufe ya shafe da fenti, sannan aka tuna cewa babu wayar da za ta kai wa na'urar umarni. Fasa silin saboda siririyar waya guda asara ce, a gidan haya kuma ba lallai ne mai gida ya yarda ba. A mafi yawan lokuta hanyar da umarnin zai bi tana nan cikin ɗakin tun tuni, kuma ita ya kamata a gwada kafin a kashe ko kwabo.

A fara da rimot ɗin da ya zo da majigin. Haske yake aikawa wanda ido ba ya gani, mai ƙyaftawa kimanin sau 38,000 a daƙiƙa a yawancin na'urori, kuma wannan haske ba ya ratsa bango ko ƙofar kabad. Idan majigin yana sama ta bayan kujera, a daina juyawa ana neman sa, a nuna rimot ga allon kallon, domin farin allo yakan mayar da hasken zuwa idon da ke gaban na'urar. Majigai da yawa suna da ido biyu, ɗaya gaba ɗaya baya, kuma a cikin saiti ana iya kashe ɗaya, don haka a duba ko ba a kashe wanda ake buƙata ba. Wanda yake shakkar lafiyar rimot ɗin kansa ya buɗe kyamarar wayar hannu, ya nuna mata bakinsa, ya danna maɓalli. Idan batir yana da rai zai ga ɗigon haske yana walƙiya. In kyamarar baya ba ta nuna ba, a gwada ta gaba. Hasken rana da ke faɗowa kan idon majigin da wasu dogayen fitilun silin suna rikita saƙon, sauke labule ko kashe fitilun yakan warware wannan.

Hanya ta biyu ita na fi so, domin ba ta buƙatar sayen komai. A cikin kebul ɗin HDMI da aka riga aka binne akwai layi guda, a fil na 13, wanda aka ware don na'urori su riƙa ba juna umarni. Sunan tsarin CEC, amma kamfanoni sun raɗa masa sunaye iri-iri: Sony na kiransa Bravia Sync, Samsung Anynet+, LG SimpLink, Epson kuwa HDMI Link. A kunna shi a saitin majigin, a kunna shi a na'urar da ke aiko hoto, ko Fire TV ce ko Apple TV, haka nan a amfilifayar da ke tsakaninsu idan akwai. Da zarar an tada na'urar hoton, majigin zai farka ya koma mashigar da ta dace, in an kashe ta shi ma ya kwanta. Ga waɗanda rimot ɗinsu ke aiki da Bluetooth, ba sai an nuna shi ko'ina ba. Sai dai wasu majigai ba su da CEC sam, wasu akwatunan raba HDMI masu araha kuma ba sa wuce da layin, saboda haka idan abin ya ƙi, a cire akwatin tsakiya a haɗa kai tsaye a gani. Iyakar wannan hanya ita ce kunnawa, kashewa da sauya mashiga. Gyaran launi ko daidaita ruwan tabarau sai da wata hanya.

Hanya ta uku ita ce ƙaramar na'ura mai karɓar umarni ta Wi-Fi ta mayar da shi hasken rimot, irin BroadLink RM4 Mini ko SwitchBot Hub. Ana ajiye ta inda take hango idon majigin, a ba ta wuta ta USB, a koya mata maɓallan rimot ɗaya bayan ɗaya ta manhajar waya. RM4 Mini tana hawa zangon Wi-Fi na 2.4 GHz ne kaɗai, kuma wannan shi ne abin da ya fi hana mutane haɗa ta tun farko. Kada a ba ta wuta daga ramin USB na majigin, domin a na'urori da yawa ramin yana mutuwa idan majigin ya kwanta, sai a rasa mai tada shi. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ya ɓata mini dare guda: majigina yana tambaya ko da gaske ake son kashe shi, sai an danna sau biyu. Na tsara manhajar ta aika umarnin, ta jira daƙiƙa ɗaya, ta sake aikawa, daga nan ya daina barin fitila a kunne. Idan rimot ɗin yana da maɓallin kunnawa daban da na kashewa, a koya su daban, domin maɓalli guda mai yin aiki biyu yakan kashe abin da ake son kunnawa, tunda na'urar ba ta san halin da majigin yake ciki ba.

Majigin da ke da ramin kebul na intanet ya fi wannan sauƙin biyayya, don yana mayar da amsa. Yawancin kamfanonin Japan, irin su Epson, Panasonic da NEC, suna bin tsarin PJLink, wanda ke karɓar umarni ta ƙofar sadarwa (port) mai lamba 4352, kuma ta nan ana kunnawa, ana kashewa, ana sauya mashiga, har a tambayi awannin da kwan fitila ya ci. Tunda babu kebul zuwa silin, sai a ɗaure ƙaramar gadar Wi-Fi, wato na'urar da ke karɓar Wi-Fi ta fitar da shi ta kebul, a jikin marataya, a haɗa ta da guntun kebul, ko a yi amfani da adafta biyu masu tura intanet ta cikin wayar wutar gida. Waɗannan adaftocin suna son soket ɗin bango kai tsaye, suna raunana a bayan sitabilaiza ko soket mai kariya, kuma a gidan da aka raba layin inbata da na sauran gida za su iya kasa jin juna. Abu biyu ne wajibi a nan: a ba majigin adireshin sadarwa (IP) tsayayye a rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, kuma a sauya saitin kwanciyarsa ta yadda sadarwa za ta ci gaba da aiki, wanda a Epson ake kira Communication On. In an bar shi a yanayin tanadin wuta, zai kashu ta manhaja amma ba zai taɓa kunnuwa ba. Manhajar sarrafa kayan gida ta Home Assistant tana jin PJLink, don haka ana iya aika umarnin ta cikinta. Tsohon majigi mai ramin RS-232 kaɗai, wato tsohon ramin wayar umarni, shi ma yana da mafita, wato adafta irin Global Caché iTach mai ɗauko umarni daga Wi-Fi, muddin an daidaita saurin layin da abin da littafin na'urar ya faɗa. Saurin na Epson bit 9600 ne a daƙiƙa.

Hanya ɗaya nake roƙon a guje mata, ita ce sanya soket mai Wi-Fi a riƙa yanke wa majigi wuta da shi. Kwan fitila yana ɗaukar zafi mai tsanani, kuma bayan an kashe shi ta hanyar da ta dace fanka takan ci gaba da juyawa har ya huce. Yanke wuta yana tsayar da fankar nan take, zafin ya zauna a ciki, kwan ya tsufa kafin lokacinsa, kuma kuɗinsa ya ninka na soket ɗin sau da yawa. Majigi mai hasken leza ko LED ya fi jure wannan, duk da haka umarnin kashewa ya fi masa. Saboda wannan dalilin ne kuma, a inda ake yawan ɗauke wuta, ya dace a ɗora majigin da rauta da ƙaramar na'urar umarnin a kan UPS ɗaya, domin idan wuta ta tafi a tsakiyar kallo a samu 'yan mintunan aika umarnin kashewa, fanka ta gama aikinta.